Gidan Wa Za Ka Sauka? Tarihin Shiga Kurmi da Masu Gidan Sabo ta Ibadan

A ƙasar Hausa idan aka ce wane ya tafi kurmi, ana faɗin haka ne da wani irin girmamawa, kamar an ce ya tafi fagen fama. Labarin da muka gada game da fatake labari ne na jarumta: mutum ya bar garinsu da ɗan jarinsa, ya ƙetare Kwara, ya nutsa cikin ƙasar da rana ba ta cika taɓa ƙasa ba saboda duhuwar itatuwa, ya dawo da goro da riba. Ban musa jarumtar ba. Amma ina ganin an ɗora wa ƙarfin zuciya nauyin da ba shi ya ɗauka ba, kuma tarihin unguwar Sabo ta Ibadan, wadda fatake ke kira Badun, shi ne hujjata. Abin da ya raba farken da ya dawo da arziki da wanda ya dawo hannu rabbana ba yawan kasadarsa ba ne, ba kuma sanin hanya ba ne. Zaɓi guda ne da yake yi tun kafin ya ɗaura kaya, wato gidan wanda zai sauka. Sabo kanta ba komai ba ce illa amsar da Hausawa suka gina wa wannan tambaya da tubali da kwano.

Abu na farko da ya kamata a gyara shi ne zaton cewa kakanninmu sun saba kutsawa cikin kurmi tun fil azal. A ƙarni na 19, lokacin da fataucin Gwanja ke ganiyarsa, ayarin Hausawa a bakin kurmi yake tsayawa. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne ƙashin bayan wannan fatauci. Sukan tashi daga Kano ko Katsina ko Jega da kanwa da baƙaƙen riguna na rini da fatu da jakuna, kuma gaskiya ta tilasta a faɗa, har da bayi. Su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu inda 'yan fashi suka yi suna, su bi ta Sansanin Mango da Yandi har su isa Salga. Nan ne iyaka. Sarakunan Ashanti, masu ƙasar da goron yake fitowa, ba sa barin baƙon Arewa ya shiga gonakinsu ya saya da kansa. Nasu mutanen ne ke ɗauko goron a ka su kawo kasuwar Salga. Tafiyar zuwa da dawowa takan ci wata shida, wani lokaci shekara. Baturen nan Hugh Clapperton ya ci karo da irin wannan ayari a Kaiama a shekarar 1826, yana dawowa daga Gwanja, ya kuma ƙiyasta mutanen cikinsa sun kai dubu, maza da mata. To, mutum dubu ba taron masu neman kasada ba ne. Taro ne na mutanen da suka san hatsarin hanya ƙwarai, suka raba shi a tsakaninsu don kada ya faɗa kan mutum ɗaya. Madugu ne ke shirya da sarakunan hanya a kan kuɗin fito, jagaba na gaba yana duba zango, malamin ayari na zaɓen ranar tashi. Ƙaramin farke bai zaɓi hanya ba, bai zaɓi mashigin kogi ba. Abin da ya zaɓa shi ne madugun da zai bi, daga nan ya miƙa wuya.

Wannan tsari ya rushe cikin shekaru ƙalilan. Turawan Ingila sun ƙone Kumasi a 1874, ikon Ashanti a kan Salga ya sassauta, kasuwar goro ta fara yawo zuwa Kintampo da Atebubu. A 1892 yaƙin basasa ya tarwatsa Salga kanta, fatake suka watsu, da yawa suka koma Kete Karachi. Sai jirgin ruwa ya shigo cikin zancen: aka fara loda goro a tashoshin gaɓar tekun ƙasar da ake kira Ghana a yau, a sauke shi a Ikko. Alhassan Ɗantata na cikin waɗanda suka bi wannan sabuwar hanya ta teku kafin ya koma Kano ya shahara a cinikin gyaɗa. Layin dogo ya iso Ibadan daga Ikko a 1901, ya kai Kano a 1911. A daidai wannan zamani kuma manoman ƙasar Yarbawa suka rungumi shuka irin goron Gwanja, wanda Arewa ke so, a wajejen Agege da Ota da Abeokuta da Shagamu da ƙasar Ijebu. Cikin 'yan shekaru goron da ake yi wa tafiyar rabin shekara ya dawo nisan kwanaki kaɗan a jirgin ƙasa. Duk wanda ya dubi wannan sauyi zai ce sauƙi ya zo, kuma ya zo ɗin. Amma sauƙin ya tafi da ayari. Tikitin jirgi ba ya zuwa da madugu. Farken da a da yake tafe cikin mutum dubu, yanzu ya sauka a tasha shi kaɗai da kuɗinsa a ɗamara, cikin garin da ba ya jin yarensu, kuma a karo na farko babu wani sarki da ya tsayar da shi a bakin kurmi. Ƙofa a buɗe take ya shiga har ƙauyen da goron yake. A nan ne ainihin shiga kurmi ya fara, kuma a nan ne buƙatar maigida ta zama tilas.

Sai an dubi goron kansa da kyau za a gane dalili. Goro ba gyaɗa ba ne da za a jibge a dala a manta. Idan aka fasa kwanson aka fitar da 'ya'yan, akwai farar fata da ke lulluɓe da su wadda sai an jiƙa ko an rufe ta ruɓe kafin a murje ta. Sannan a wanke, a zuba a kwando ya yi gumi ya tsane na wasu kwanaki. Daga nan sai zaɓe, ɗaya bayan ɗaya da hannu: fari gefe, ja gefe, marsa manya a ware su daga minu ƙanana, duk wanda aka ga ɗigon huda a jikinsa a jefar, domin goro ɗaya mai sankara yana iya cinye huhu guda kafin a kai Zariya. Mai ɗaurin huhu gwani ne na musamman. Yakan shimfiɗa ganyen fita ya jera goron a tsanake, ya rufe ta yadda iska ba za ta busar da shi ba, zafi kuma ba zai dafa shi ba, sannan ya ɗaure da igiya tamau. Idan ana so a ajiye shi ya zama daushe, sai an riƙa kwancewa lokaci lokaci ana sake ganye ana tsince wanda ya lalace. Mai sayen huhu a kasuwar Kurmi ta Kano ko a Sakkwato ba zai iya duba kowace ƙwarya ba. Saman huhun kawai yake gani, sauran kuwa ya dogara ne ga sunan wanda ya aiko. Ga kuma farashi mai hawa da sauka cikin mako guda, ga manomi da matan Yarbawa masu tara goro a ƙauyuka waɗanda ke son kuɗi a hannu. Dole attajirin Arewa ya aika da maƙudan kuɗi zuwa wurin da idonsa ba ya gani, a saya masa kayan da ba zai taɓa ba sai bayan kwanaki, a zamanin da ba banki a ƙauye, ba waya a aljihu, kuma yawancin masu harkar ba sa rubuta yarjejeniya da kotun Bature za ta karɓa.

Shanu ma haka, sai dai ta ɗaya fuskar. Kurmi ba ya riƙe saniyar Arewa, saboda ƙudan tsando da cutar sammore da yake ɗauke da ita. Garken da aka koro a ƙafa na tsawon makonni yakan iso Ibadan a rame, da yawa sun riga sun kamu, kuma kowace rana da ta wuce ba a sayar ba asara ce. Mai shanu ba shi da damar cewa zai koma da abinsa idan ciniki bai yi ba. Mahautan Ibadan kuwa Yarbawa ne, kuma akasarinsu ba su da kuɗin biyan sa nan take. Sai sun yanka sun sayar da naman sannan su biya bayan makonni. Ka ga an haɗa mutumin da ke gaggawar sayarwa da mutumin da ba zai iya biya yau ba, ba su san juna ba, ba sa jin harshen juna. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya zauna ya yi bincike a Sabo a 1962 da 1963, ya rubuta cewa shanun da ake sayarwa a kasuwar Ibadan a shekara sun kai kimanin 75,000, kuma mafi yawansu bashi ake bayar da su. Babu takarda, babu jingina. Abin da ke riƙe da wannan dukiya duka shi ne mutum guda a tsakiya wanda ya ce wa baƙo: ba shi, idan bai biya ba ni zan biya.

Wannan mutum shi ne maigida, kuma gidansa a Sabo yake. An kafa unguwar a 1916, lokacin da hukumar gargajiya ta Ibadan tare da Turawan mulki suka umarci Hausawan da ke warwatse cikin gari, yawanci a gidajen Yarbawa, su koma wani fili a wajen Mokola a ƙarƙashin sarkinsu. Abin da ake kira gida a harshen Sabo ya wuce wurin kwana. Akwai zaure inda maigida ke zama da safe ana kawo masa gaisuwa da labarin kasuwa. Akwai ɗakunan baƙi, wani lokaci a gidaje da dama da ya mallaka ko yake riƙe da su, inda farke zai sauka ba tare da an ce ya biya kuɗin ɗaki ba. Akwai ma'ajiyar kaya da akwatin ƙarfe na ajiyar kuɗi. Akwai dillalai da ke ƙarƙashinsa, waɗanda aikinsu shi ne sanin kowane mahauci ciki da bai: nawa ake binsa, wa ya taɓa ci wa kuɗi, sa nawa zai iya ɗauka bai nutse ba. Akwai yaransa da ya zaunar a garuruwan goro suna saye a madadin baƙinsa, da mai rubuta lissafi, da masu rakiyar kaya zuwa tasha. A can cikin gida kuma akwai matan da ba a cika ambatonsu a tarihin fatauci ba, alhali tuwon da suke tuƙawa kullum shi ne ke fita a akushi zuwa ɗakunan baƙi, kuma ribar abincin sayarwa da suke aika yara talla da shi ta tallafi gidaje da yawa lokacin da kasuwa ta juya wa mazajensu baya. Ladan maigida na fitowa daga la'adar ciniki. Saboda haka farken da ke shirin tafiya daga Kano ko Gusau ko Maraɗi ba ya tambayar wace hanya ta fi kusa. Tambayarsa ga waɗanda suka riga shi ita ce: wane ne bai taɓa riƙe wa baƙo kuɗi ba, wane ne ke da gidaje da za a iya sayarwa a biya idan abu ya ɓaci, wane ne mahauta ke jin tsoron ɓata masa rai?

  

Akwai masu cewa duk wannan yabo ne ga abin da Bature ya ƙirƙira. A ganinsu Sabo 'yar mulkin mallaka ce, irin Sabon Garin Kano da aka ware wa 'yan Kudu, kuma manufarta ita ce raba kan talakawa don a ji daɗin mulkinsu. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba daɗi gare ta ba: cikin dalilan da aka bayar na ware Hausawa har da zargin cewa ɓarayi na fakewa a cikinsu. Amma umarni na iya tara mutane wuri guda, ba ya iya sa attajirin Kano ya aika da jakar kuɗi ga wanda bai taɓa gani ba. Tsarin maigida da zango ya girmi zuwan Turawa nesa ba kusa ba. A Salga ma fatake a gidajen masu gida suke sauka. Kuma da Sabo ta dogara ga Bature ne kaɗai, da ta watse lokacin da ya fara naɗe tabarmarsa a shekarun 1950, lokacin da jam'iyyun siyasa suka karɓe fage, 'yan kishin ƙasa suka riƙa sukar duk wani tsari na ware ƙabila, kuma Sarkin Sabo ya rasa goyon bayan hukuma da yake tinƙaho da shi. Ba ta watse ba, sai ma ta ƙara dunƙulewa. Bature ya ba da fili ne, abin da aka gina a kai na masu shi ne.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma ba na son in wuce ta da sauri. Ana cewa abin da nake kira amana, a idon Bayarabe babakere ne. Goron a gonarsa ya fito, naman a garinsa ake ci, amma tsakanin gonar da kasuwar Arewa an kafa shingen da ba ya iya ƙetarawa sai ya zama Bahaushe. 'Yan kasuwar Yarbawa sun yi yunƙurin kai goro Arewa da kansu, sun kai ƙorafi gaban hukuma, kuma mutanen Sabo sun haɗa kai sun tare su. Wannan ya faru, kuma duk wanda ya ce ba a yi amfani da ƙabilanci wajen kare riba ba, bai faɗi gaskiya ba. Abin da zan ce shi ne a dubi abin da shingen yake karewa. Bashin da ba takarda ba ya rayuwa sai a inda mai cin amana ba shi da wurin ɓuya. Dillalin Sabo da ya ci kuɗin baƙo, kafin sati labarinsa ya kai Shagamu da Agege da Kano, ba mai sake ba shi ko ƙwarya ɗaya, ba mai ba shi 'ya, kuma a sahu ɗaya zai tsaya da waɗanda ya kunyata sau biyar a rana. Harshe ɗaya da masallaci ɗaya da auratayya su suka yi aikin da kotu da banki suka kasa yi a wancan lokaci. Sannan kalmar Bahaushe a Sabo ba ta jini ba ce zalla: Fulani da Barebari da Buzaye da jikokin bayi sun shiga sun zama 'yan unguwa, muddin sun ɗauki harshen, sun bi addinin, sun yarda da hukuncin sarki da masu gida. Shingen yana da ƙofa, sai dai kuɗin shiga shi ne mutum ya sa kansa inda za a iya kama shi. Wannan bai wanke kowane zalunci da aka yi wa manomin da aka taya wa goro da arha ba. Amma ya nuna cewa ba ƙiyayya ce ta gina tsarin ba, kuma a kasuwar shanu, inda mahauci Bayarabe ya samu bashin da babu bankin da zai ba shi, ɓangarorin biyu sun ci moriyarsa shekara da shekaru.

Wani zai ce to shi baƙon fa, ba a hannun maigida yake kamar tsuntsu a keji ba? Kuɗinsa na akwatin maigida, kwanansa a ɗakin maigida, farashin ma daga bakin dillalin maigida yake jin sa. Lallai an yi masu gidan da suka juya kuɗin baƙi a harkar kansu suka karye, aka yi asara mai ciwo, kuma 'yan tsirarun masu gida sun mallaki kaso mai yawa na gidajen unguwar, abin da ya ba su iko a kan yaransu fiye da kima. Amma farke na da makami ɗaya da ba a iya ƙwace masa: baɗi yana iya sauka wani gida, kuma zai faɗa wa duk wanda ya tambaye shi dalili. Masu gida suna gasar baƙi a tsakaninsu, har sukan aika yara tarye a tasha ko a kan hanyar shanu. Maigidan da ya biya bashin mahaucin da ya gudu daga aljihunsa ba don tsarkin zuciya kaɗai ya yi ba. Ya san ranar da ya ƙi biya ita ce ranar da zaurensa zai fara zama kango.

A kan addini ne nake rabuwa da Cohen, duk da cewa littafinsa na 1969 shi ne mafi cikar abin da aka rubuta game da unguwar. A farkon shekarun 1950 mutanen Sabo sun shiga ɗariƙar Tijjaniyya kusan gaba ɗayansu, a zamanin da tasirin Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha ke bazuwa daga Kano zuwa zangunan Afirka ta Yamma. Suka kuma daina zuwa babban masallacin gari, suka tsayar da Juma'arsu a cikin unguwa. Cohen ya karanta wannan a matsayin dabarar siyasa: da hukuma ta janye kariyarta, sai jama'a suka sami sabuwar igiyar da za ta ɗaure su wuri guda ta kuma bambanta su da Musulmin Yarbawa. Ba na musun cewa sakamakon ke nan. Wazifar da ake taruwa kullum, da alaƙar muƙaddami da almajiransa, da ƙarfin da malamai suka samu na yin sulhu, duk sun ƙarfafa amanar da kasuwa ke tsaye a kanta. Inda na ƙi yarda shi ne a mai da sakamako ya zama niyya. Ɗariƙar ta karɓu a Kano da Zariya, a wuraren da babu wani cinikin goro da ake tsoron a ƙwace. Mutumin da ya tashi da asuba yana jan carbi ba lissafin la'ada yake yi ba. Abin da ya fi kusa da gaskiya a ganina shi ne, a wurin waɗannan mutane tsoron Allah da riƙon amanar baƙo ba abubuwa biyu ba ne da ɗaya zai zama bawan ɗaya. Dillalin da ya mayar wa farke rarar da bai san da ita ba, ya yi haka ne don lahirarsa, kuma hakan ya gyara masa kasuwarsa. Mai bincike daga waje yana iya ganin rabin na biyu sarai, ya kasa auna na farko.

Saura tambayar da matasa za su yi: me ya rage na wannan a yau? Tirela ta maye gurbin jirgin ƙasa da koren shanu a ƙafa. Babbar hanyar Ikko zuwa Ibadan ta buɗe a 1978. Wayar hannu na kawo farashin Kano cikin daƙiƙa, kuɗi na tafiya ta banki ba a ɗamara ba, mai saye na iya ganin hoton kayansa kafin a loda. Cinikin shanu da na kayan gwari ya bar kewayen Sabo ya koma Bodija da Shasha da Akinyele, ita kuwa Sabo ta fi shahara yanzu da 'yan canji da masu tsire. Mai wannan tambaya na da hujja idan ya ce rabin aikin maigida na'ura ta karɓe. Amma rabin da ta karɓa shi ne na isar da labari da kuɗi. Waya ba ta tsaya wa mutum. Har gobe mai tumatir da ya taso daga Kadawa ko mai albasa daga Aliero yana sauke kayan da ba za su jira ba a hannun dillalin da zai bayar bashi, kuma har gobe sunan dillalin yake tambaya kafin ya yi lodi.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗaya aikin maigida wanda ba a cika lissafa shi ba, wato zamansa mai amsa tambaya a kan baƙonsa. A tsohon tsari, duk Bahaushen da ya kwana a unguwa akwai wanda ya san daga ina ya zo, kuma idan ya yi laifi a cikin gari akwai zauren da shugabannin Yarbawa za su nufa. Yanzu dubban matasa na sauka daga bayan manyan motoci, 'yan ci-rani da 'yan acaɓa da masu dako, suna kwana a rumfunan kasuwa ba tare da kowa ya karɓe su a matsayin baƙinsa ba. Ba laifinsu ba ne. Talauci da rashin tsaro a gida ne suka koro su, kuma yawansu ya fi ƙarfin kowane zaure. Ba kuma zan ce wannan kaɗai ke haddasa rikici ba, domin siyasa da rigimar shugabancin kasuwa na da nasu kason. Amma an ga abin da ya faru a Shagamu a watan Yulin 1999, garin da Hausawa da Yarbawan Remo suka shafe shekaru masu yawa suna cinikin goro tare, inda rikici a kan bikin gargajiya na Oro ya ci rayuka da dama har ramuwar gayya ta biyo baya a Kano. An kuma ga Shasha a watan Fabrairun 2021, inda saɓani tsakanin mutane ƙalilan ya zama gobarar da ta cinye shaguna da gidaje da rayuka daga ɓangarorin biyu. Gwamnatin Jihar Oyo ta rufe kasuwar, wasu gwamnonin Arewa suka taso takanas zuwa Ibadan don a zauna sulhu, kuma kafin watan ya ƙare dillalan shanu da kayan abinci na Arewa sun dakatar da kai kaya Kudu na wasu kwanaki, farashin tumatir da nama ya tashi a Ikko da Ibadan, kayan gwari kuma suka yi ta ruɓewa a hannun manoman Arewa.